Yadda ake ɗaure fuli a kan bolsukuru idan ana mayar da ƙaramin injin milin zuwa CNC

Mai ƙaramin injin milin irin Sieg X2, ko BF20, ko G0704 da kamfanin Grizzly ke sayarwa a Amurka, idan ya ƙudurta mayar da wannan injin sassaƙa ƙarfe mai aiki da kwamfuta, wato CNC, kuɗinsa da hankalinsa kan tafi ne ga manyan kaya: moto, direbobin moto, allon sarrafawa, da bolsukuru, wato sukurun nan da notinsa ke gudu a kan 'ya'yan boris maimakon ya riƙa gogar tiredi. Fuli kuwa, wanda bel zai ja ya juya sukurun, sai a ranar ƙarshe ake tunawa da shi. A zura shi, a murɗa ɗan sukurun da ya zo da shi, a ce an gama. Bayan mako biyu zuwa uku sai a ga ramin da ya kamata ya fito da'ira ya fito kamar ƙwai, a fara zargin moto da manhaja, alhali fuli ne yake zamewa kaɗan-kaɗan a kan bakin sukuru.

Bari mu fara da lissafi, domin shi zai sa ka ɗauki wannan guri da muhimmanci. Bolsukurun da aka fi sa wa waɗannan injuna shi ne 1605: kaurinsa milimita 16, kuma kowane zagaye ɗaya yana tura tebur milimita 5. Raba 5 gida 360, za ka ga zamewar digiri ɗaya kacal tana gusar da tebur kusan milimita 0.014. Sukuru mai daraja ta C7, wanda akasarin masu wannan aiki ke saye, kuskurensa bai wuce kimanin milimita 0.05 a cikin tsawon milimita 300 ba. Ke nan fulin da ya zame digiri huɗu ya riga ya jawo maka ɓarnar da ta fi ta sukurun gaba ɗaya, kuma digiri huɗu ido ba ya ganinsu.

Sai ƙarfin da ke bi ta wurin. Moto mai girman NEMA 23 da ake amfani da shi a nan yakan ba da ƙarfin murɗa na mita-niyuton 2 zuwa 3. Bakin sukurun 1605 da aka fere don gidan boris na BK12 kaurinsa milimita 10 ne, wato daga tsakiya zuwa fata milimita 5. Mita-niyuton 3 a kan wannan ɗan tazara daidai yake da nauyin kusan kilo 60 yana ture fatar shaf ɗin, wato bakin sukurun da fuli ke zama a kai. Idan ka sa fulin sukuru ya ninka na moto girma don ƙara ƙarfi, ya koma kusan kilo 120. Kuma ba gefe ɗaya yake turawa ba. Injin CNC yana sauya alkibla sau dubbai a aiki ɗaya, kowace sauyawa kuwa duka ce a kan abin da ke riƙe da fuli.

Duba bakin sukurun kafin ka sayi fuli

Ɗauki maikiromita, wato ma'aunin kauri mai nuna ɗan ƙanƙanin bambanci, ka auna bakin a wuri uku: kusa da tiredi, tsakiya, da ƙarshe. Baniya, wato ma'aunin nan mai zamewa, ba ta isa a nan ba. Bakin da aka yi da kyau zai faɗa tsakanin milimita 9.985 da 10.000. Rubuta abin da ka samu, domin a kansa za a yi ramin fuli, ba a kan lambar da ke cikin tallar mai sayarwa ba.

Auna tsawonsa kuma. Ferewar da aka saba yi wa BK12 tana barin bakin milimita 15 kawai a bayan tiredin M12x1, saboda an tsara shi ne don a haɗa shi kai tsaye da moto ta kofilin, wato mahaɗin da ke haɗa shaf biyu baki da baki. Fuli mai haƙora samfurin HTD 5M mai ɗaukar bel mai faɗin milimita 15 ya fi wannan faɗi idan aka haɗa da wuyansa. Idan ba ka riga ka yi odar sukurun ba, aika wa mai ferewa zane ka ce a bar maka milimita 25 ko 30, a kuma yi maka lebur a jiki, wato a goge gefe ɗaya ya zama fili. Yawancinsu suna karɓar zane, kuma wannan ɗan ƙari zai raba ka da rabin wahalar da ke ƙasa. Idan ya riga ya iso da 15 ɗinsa, za a juya fulin ne wuyansa ya fuskanci gidan boris, don sukurun matsi, wato ɗan sukurun da ke shiga ta wuyan fuli ya danne shaf, ya faɗa kan ƙarfe sosai, ko a rage faɗin fulin a lez, wato injin fere ƙarfe.

Abu na uku, taurin ƙarfen. Ana ƙona fatar bolsukuru ta yi tauri har 58 zuwa 62 a ma'aunin HRC, amma cikinsa ya fi laushi, kuma sau da yawa ferewar baki takan wuce fatar mai tauri. Gwada da magagari a can ƙarshen bakin. In ya ci ƙarfe ya fitar da gari, kana iya yin lebur, ka huda, ka yanka gurbin ki, wato ɗan guntun ƙarfen da ke shiga tsakanin shaf da fuli ya kulle su. In ya zame yana ƙara kamar a kan gilashi, to sai dutsen washi ko bakin kabayid.

Kada ka kuskura ka cire notin bolsukurun daga jikinsa don ka samu sararin aiki. 'Ya'yan boris ɗin za su watse, mayar da su kuma aikin yini ne. Tura shi tsakiya, ka ɗaure gefensa biyu da salatif, ka naɗe shi da leda don garin ƙarfe kada ya shiga.

Ramin fuli shi ne rabin aikin

A ganina, kafin a yi gardamar ki ya fi ko sukurun matsi ya fi, a fara gyara rami. Fulin da ya zauna daram a kan shaf, ko da ɗaurin tsaka-tsaki ne, yakan riƙe. Wanda yake lilo kuwa, ko me ka ɗaure shi da shi, kowane zagaye bel zai ja shi gefe ya sake shi, har ya cinye abin da ke riƙe da shi.

Zura fulin a bakin sukuru a bushe, babu mai. Abin da ake so shi ne ya shiga da turin babban yatsa, ba tare da guduma ba, kuma idan ka kama shi ka jijjiga kada ka ji ƙas-ƙas. Fuloli masu araha da ake rubuta musu 10 sukan zo da rami ya ɗan fi haka, wani lokaci ma ramin ba ya tsakiyar haƙora. Saboda haka na fi son a sayi mai ƙaramin rami, a buɗe shi daidai da shaf ɗin da ke hannu.

In kana da lez, ga yadda za ka yi. In ba ka da shi, kai wa mai lez, irin waɗanda ke Panteka a Kaduna ko wajen Ƙofar Ruwa a Kano, ka tafi da sukurun da kansa, ka kuma tsaya a kai. Mai lez da ya saba da fulin injin niƙa zai iya ganin milimita 0.05 ba komai ba ne, domin a aikinsa na kullum hakan ne.

Naɗe haƙoran da siririn falle na alminiyam ko tagulla, a kama fulin a cok, wato makamin lez, mai muƙamuƙi huɗu. Ɗora agogon awo, wato ma'auni mai allura da ke nuna ƙaramin motsi, a kan saman haƙora, ba a kan wuya ko tsohon rami ba, domin haƙoran ne bel ke bi. A daidaita har rawar allura ta sauka ƙasa da milimita 0.02. A huda zuwa 9.5. Daga nan a sa ƙaramar wuƙar fere ciki a kai shi 9.8. Kada a tsallake wannan mataki: dirili da rima, wato wuƙar da ke gama rami daidai awo, duk suna bin ramin da suka tarar ne, in ya karkace su karkace, wuƙar ciki ce kaɗai ke miƙar da shi ya dawo tsakiya. A ƙarshe a bi da rima ta 10 H7 a hankali, da mai, ramin zai fito tsakanin 10.000 da 10.015. A ɗan kashe kaifin bakin ramin ta gefe biyu.

Idan shaf ɗinka ya fito siriri, misali 9.96, rima ba za ta yi maka amfani ba. A gama ramin da wuƙar ciki kawai, ana ɗiba kaɗan ana gwadawa da sukurun.

Hanyar lebur da sukurun matsi biyu

Wannan ita ce hanyar da mafi yawan mutane za su iya yi da kayan da ke hannunsu, kuma ta isa moto NEMA 23 idan an yi ta daidai, don haka zan daɗe a kanta.

Sukurun matsi shi ne ɗan guntun nan marar kai da ake murɗawa da alanki. Idan ka murɗa shi a kan shaf mai zagaye, ƙaramin bakinsa ne kaɗai ke tsaye tsakanin fuli da kilo 60 ɗin nan. Zai riƙe na ɗan lokaci, sannan ya fara karce layi a kewayen shaf, ya tada ƙarfe, ranar da za ka cire fulin kuma ya ƙi fita. Lebur yana magance duka biyun: sukurun ba zai iya zagayawa ba sai ya hau tudu, tabon da ya bari kuma yana ƙasa da fatar shaf.

Da farko haɗa komai na wucin gadi: gidan boris, notinsa, moto da fulinsa, sannan fulin sukuru. Daidaita fulolin biyu su yi layi. Cire sukurun matsi, ka zura bakin alƙalamin maka ta ramin ka ɗiga alama a kan shaf. Nan ne tsakiyar lebur ɗinka.

Kwance sukurun, ka kama shi a bais tsakanin katako biyu da aka yi wa kwari. Kada haƙorin bais ya taɓa hanyar da 'ya'yan boris ke bi. Tabo ɗaya a wurin za ka riƙa jinsa a kowace wucewar noti. Naɗe tiredin M12 da salatif don kada magagari ya goge shi.

Goge lebur mai zurfin rabin milimita. A kan shaf na 10 wannan zai ba ka fili mai faɗin milimita 4 da ɗan ɗori, wanda ya wadatar wa sukurun matsi na M4 da M5. Za ka san ka kai idan maikiromita ya nuna 9.5 daga lebur zuwa bayansa. Tsawonsa milimita 6 zuwa 8 ya isa. Kada ka ja shi tun daga tiredi har ƙarshe, ka bar zagaye cikakke a gaba da baya don fulin ya samu mazauni. Riƙe magagari a miƙe. Lebur mai tudu a tsakiya bai fi zagaye da komai ba. In injin milin ɗin bai riga ya warwatse ba, yi wannan yanka a kansa kafin ka kwance shi, ya fi hannu tsafta.

Yanzu sukuru na biyu. Ana sa shi digiri 90 daga na farko, ba daura da shi ba. Biyun da ke fuskantar juna suna riƙe shaf a tsakanin tsini biyu, fulin yana iya rausaya a kansu. Biyun da ke kusurwa kuwa suna haɗuwa su tura shaf ya manne da bangon rami na ɗaya gefen, sai riƙon ya zama na wuri uku, na ukun ma faffaɗa. In fulin ya zo da rami ɗaya, huda na biyu: dirili 3.3 don taf, wato abin yanka tiredi, na M4, ko 4.2 don M5. Sake bi da rima ko ɗan takardar yashi a cikin ramin don cire ɓurɓushin da hudar ta tura ciki. Yi wa na biyun nasa lebur. Hanya mafi sauƙi ta gano wurinsa ita ce ka ɗaure na farko a kan lebur ɗinsa, ka ɗiga alama ta rami na biyu.

Duba kaurin wuyan fuli. A cikin alminiyam ana son tiredi ya kama aƙalla ninki ɗaya da rabi na kaurin sukurun, wato milimita 6 ga M4. In wuyan siriri ne, tiredin zai cinye kafin ka kai ga matsin da ake buƙata. A irin wannan hali ana iya hudawa ta tsakanin haƙora biyu, inda naman ya fi yawa, muddin kan sukurun zai nutse ƙasa da inda bel ke taɓawa. Fulin baƙin ƙarfe ya fi jure matsi, sai dai nauyinsa yana rage wa moto saurin tashi, musamman in babba ne.

Sukuran da ke zuwa da fuli mai araha sau da yawa masu laushi ne, ramin alankinsu yakan lalace a murɗa ta biyu. Sauya su da masu tauri, masu baki kamar ƙoƙo.

Wanke shaf, ramin fuli, ramukan tiredi da sukuran da asiton, ka bar su su bushe. Man da ke hana tsatsa wanda kayan ke zuwa da shi yana rage riƙo, yana kuma hana gam kamawa. Ɗiga gam ɗin tiredi mai matsakaicin ƙarfi, irin Loctite 243 shuɗi, a kan kowane sukuru. Kada ka sa ja irin 271 a kan ɗan M4, domin ba zai kwance ba sai da wuta.

Wajen ɗaurewa, murɗa na farko har ya taɓa lebur, sannan ka riƙa ɗan juya fulin hagu da dama kana ƙara murɗawa. Za ka ji rawar tana raguwa har ta mutu. Wannan ne ke zaunar da sukurun a tsakiyar lebur, inda ya fi zurfi. Wanda ya ɗaure shi a gefen lebur ba tare da ya jijjiga ba, da moto ya yi fizga ɗaya fulin zai ɗan juya, sukurun ya faɗa tsakiya ya saki. Kawo na biyu ya taɓa, sannan ka ƙarasa su bi da bi. Riƙe alanki ta gajeren hannunsa ka matse iya ƙarfin yatsu, sannan ka juya shi ka ƙara kaɗan da dogon hannun. Kada ka sa masa bututu don ƙara masa tsawo. In akwai sauran rami a sama, ƙara wani guntun sukuru a kan na farko ya danne shi. Bar gam ɗin ya kwana ya yini kafin ka kunna moto.

Wuya mai matsewa: wanda na fi so

In da zaɓi, wannan nake ba kowa shawara. Wuyan fulin a tsage yake, ƙusa mai kan alanki ta ratsa tsagar, idan aka murɗa ta wuyan ya shaƙe shaf ta kowane gefe. Babu tabo, babu lebur, fulin ba ya karkata gefe, kuma kana iya sassautawa ka gusa shi rabin milimita ka sake ɗaurewa duk lokacin da ka so. Riƙonsa na gogayya ne zalla, shi ya sa ba shi da inda wasa zai ɓullo ko an sauya alkibla sau nawa.

Ana sayar da fuloli masu irin wannan wuya, amma kana iya mayar da na yau da kullum. A fere wuyan a lez har kaurin bangonsa ya koma kamar milimita 2, misali waje 14 a kan rami 10. A tsaga shi da siririn zarto a wuri biyu ko huɗu, tsagar ta kai gindin wuya. A share ɓurɓushi. Sannan a samo zoben matse shaf na ƙarfe mai ramin 14, a zura a kan wuyan, a daidaita tsagar zoben da ɗaya daga cikin tsagogin wuya, a ɗaure. Sharuɗɗansa biyu ne. Dole ramin ya zauna daram tun kafin a matse, domin matsewar ba ta cike giɓi mai yawa. Dole kuma shaf da rami su bushe ƙayau, mai a tiredin ƙusar kawai. In bakin sukurun yana da lebur tun daga masana'anta, kada tsagar ta faɗa kansa.

Akwai buushin masu tsukewa na masana'antu, wato zobban da ke shiga tsakanin fuli da shaf su matse, irin Taper Lock, da masu noti ɗaya irin Trantorque na Fenner Drives. Riƙonsu ba magana, sai dai girma. Mafi ƙanƙantar Taper Lock, wato 1008, tsawonsa ya haura milimita 22, faɗinsa kuma kusan 35, saboda haka ba ya shiga fuli mai haƙora 20 na HTD 5M wanda duk faɗinsa bai kai milimita 32 ba, kuma ya fi ƙarfin baki mai tsawon 15. A kan babban injin da ke da NEMA 34 da sukuru mai kaurin 20 ko 25 ne suke da wuri.

Ki, fin da gam

Mutane da yawa suna ganin ki shi ne ƙarshen ɗauri, saboda shi suka sani a injin niƙa da famfon ruwa. Waɗancan gefe ɗaya suke juyawa. A nan ki yana hana fuli zamewa gaba ɗaya, amma in shi kaɗai ne, ɗan sararin da ke gefensa yana shan duka a kowace sauyawa. Da farko sararin bai kai ya dame ka ba. Da tafiya ta yi tafiya gurbin da ke cikin alminiyam yana faɗaɗa, ka fara ganin gari yana fitowa daga ramin. In za ka yi amfani da shi, ma'aunin shaf na sama da 8 zuwa 10 shi ne ki na 3 sau 3, da gurbi mai zurfin 1.8 a jikin shaf. Na sama da 10 zuwa 12 kuma 4 sau 4. Ya shiga gurbin shaf da ɗan bugu, sannan a sa sukurun matsi ɗaya a kansa, ɗaya a digiri 90.

Fin da ke ratsa fuli da shaf yana riƙewa, amma ban cika son shi a bakin milimita 10 ba. Ramin milimita 3 yana cin babban kaso na naman shaf, daidai inda bel ke lanƙwasa shi, kuma da ka huda shi ke nan, babu sauran gusa fuli don daidaita bel.

Gam ɗin riƙe shaf, irin Loctite 638 ko 648, wani abu ne daban da na tiredi. Yana cike ɗan giɓin da ke tsakanin rami da shaf ya daskare, ya mayar da su kamar abu ɗaya. Ga fulin da raminsa ya ɗan yi yawa kuma ba halin sauya shi, wannan ne magani: a haɗa shi da lebur da sukurun matsi. Shafa shi a kan shaf, ka zura fulin kana juyawa don ya bazu, ka daidaita nan take, domin mintuna kaɗan gare ka. Tsare boris da ɗan tsumma kada ɗigo ya gangara ciki. Ka kuma san abin da ka saya wa kanka: cire shi sai an gasa wurin zuwa kusan digiri 250, boris da giris da robar da ke rufe su kuma suna dab da wurin. Tun da fulin ne ke tare hanyar fitar notin boris, duk gyaran da ya taso a gidan boris sai ka bi ta kan wannan gam. Saboda haka kada ka sa shi sai injin ya yi aiki na wasu kwanaki ka tabbata ba sauran kwancewa.

Jerin haɗawa a kan injin

Boris ne farko. Ɗaure notin M12x1 har wasan gaba da baya ya mutu, ka kulle shi da nasa ɗan sukurun. Ɗora agogon awo a goshin sukurun, ka tura tebur ka ja shi da hannu. Allura kada ta motsa fiye da ɗan abin da ba a rasa ba. Duba kuma wane boris ke cikin gidan: BK12 na gaske yana ɗauke da 7001 guda biyu masu jure turin tsaye, masu araha kuwa sukan zo da 6001, wanda ba don wannan aka yi shi ba. Kada ka ɗora wa fuli aikin matse boris, kada kuma ka jingina shi da notin. Bar tazarar kamar milimita ɗaya. Amma kada ka wuce haka, domin duk nisan da fuli ya yi daga boris, ƙarfin bel na lanƙwasa bakin yana ƙaruwa.

Kada ka buga fuli da guduma a kan sukurun da ke cikin boris. Dukan yana wucewa kai tsaye ga 'ya'yan boris ya yi musu tabo. In ya ɗan yi tsauri, ɗumama fulin. Alminiyam yana buɗewa kusan ninki biyu na ƙarfe. Ramin milimita 10 da aka ƙara wa zafi digiri 100 yana faɗaɗa da kimanin 0.02, wanda ya isa ya zame ya shiga.

Ɗora miƙaƙƙiyar rula ta ƙarfe a fuskar fulolin biyu ka ga sun yi layi. Aƙalla ɗaya daga cikinsu ya kasance mai katanga a gefe biyu, kuma haƙora shida ko fiye na ƙaramin su kasance cikin bel a kowane lokaci. Ja bel ɗin har in ka riƙe fuli ɗaya ka murɗa ɗayan kada ka ji wasa, ka tsaya nan. Ƙarin ja ba ya ƙara daidaito, boris ɗin moto kawai yake kashewa. Bel mai zagayayyen haƙori irin HTD ko GT ya fi tsohon XL zama a cikin fuli. Kuma duk abin da aka faɗa a kan fulin sukuru ya shafi na moto, wanda shaf ɗinsa ma ya fi siranta, 6.35 ko 8.

Layin sama da ƙasa yana da nasa haɗari. Bolsukuru ba ya riƙe kaya da kansa kamar tsohon sukurun injin. Nauyin kan injin yana iya juya shi ya gangaro. In fuli ya saki, ko bel ya tsinke, ko aka ɗauke wuta ana cikin aiki, kan zai iya faɗowa da wuƙa a kan aikin ko a kan hannu. Kafin ka sassauta komai a wannan layi, tokare kan da katako ko ka kulle shi. A wurin da wuta ke yawan ɗaukewa, sandar gas mai tallafe nauyi ko moto mai birki ba ado ba ne. A wannan layi ne kuma na yarda a haɗa ɗauri biyu, ki ko lebur tare da matsi.

Gwaji

Ja siririn layi da fenti ko alƙalamin maka daga goshin shaf ya haye kan fuli, a kan sukuru da kan moto duka. Ɗora agogon awo ya taɓa gefen tebur, ka mayar da shi sifiri. Rubuta ɗan shiri a manhajar sarrafa injin, Mach3, LinuxCNC ko GRBL, duk wanda kake amfani da shi, da zai tura tebur milimita 50 ya dawo, sau ɗari, da cikakken gudu da saurin tashin da za ka yi aiki da shi. Tabbatar lissafin taku daidai ne tukuna: moto mai taku 200, in direba ya raba kowanne gida 8, taku 1600 ke nan a zagaye, wato 320 a kowace milimita a kan 1605 idan fulolin girmansu ɗaya, 640 idan na sukuru ya ninka.

In allura ta dawo sifiri, layin fenti kuma bai karye ba, ɗaurin ya yi. In layin ya karye, ka ga mai laifi da idonka. In layin yana nan amma allura ta gusa, bar fuli ka koma kan moto: ko yana zubar da taku saboda gudu ya yi masa yawa, ko teburin ya yi tsauri, ko saƙon sauya alkibla yana isa direba a makare. In kuma kuskuren adadi ɗaya ne da ke bayyana duk lokacin da aka juya baya, ba ya taruwa, to wasa ne a noti, ko boris, ko bel. Manhajojin Mach3 da LinuxCNC suna da wurin da ake rubuta wannan adadi su riƙa cike shi, amma kada ka yi amfani da shi ka rufe fulin da ke lilo, domin wasan fuli ba ya tsayawa a adadi ɗaya, na yau daban na jibi daban.

Bayan sa'o'in farko na yankan gaske, sake duba layin fentin, ka kuma duba jan bel, domin sabo yakan ɗan saki. Wuya mai matsewa ana iya ƙara masa ɗan murɗi a lokacin. Sukurun da aka sa wa gam kuwa kada ka murɗa shi don gwaji, za ka karya gam ɗin ne. In ka ga alamar ya motsa, cire shi gaba ɗaya, ka wanke, ka sa sabon ɗigo. Daga nan sai a yi wa bel da fulolin murfi na falle, don garin ƙarfe da ƙurar hunturu kada su taru a tsakanin haƙora, hannun riga kuma kada ya shiga.